Waƙafi Biyu a Jimla ta Huɗu

Nguru, 9 ga Yuni

Zuwa ga Baba Joel,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da Mama Roda da duk mutanen Gidan Buwai. Yaya jikin Mama? An ce min hannun da ya shanye ya fara motsi, harshen ne har yanzu da nauyi. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Maigidana Abdulkabir yana gaishe ka, yaran ma suna gaida kakan da ba su taɓa gani ba.

Ramlat ce, 'yar marigayi Basiru na Zakirai, jikar Malam Haruna ƙanin mahaifinka, wadda ta zauna a gidanka shekara biyu tana firamare. Na jero maka duka ne don na san tun rasuwar Babana zumunci ya yi sanyi, kuma laifin namu ne. Sau uku na kira wayarka, kana ta cewa wa ke magana, ina ta faɗa, har katin ya ƙare. Daga baya aka ce min kunnen ne. Shi ya sa na koma takarda. Kamaruddeen direba yana kai riɗi kasuwar Dawanau duk bayan mako biyu, ya ce zai riƙa ajiye maka a shagon mai magani na bakin hanyarku, ya kuma karɓo amsa.

Baba, taimako nake nema. Shekara shida ke nan ina aiki a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin nan. Ni ce shara, ni ce wanke kayan aiki, ni ce riƙe hannun mai naƙuda. Ranar da ungozoma ba ta zo ba ni ke karɓar haihuwar, amma a takarda sunana mai goge-goge. Makarantar ungozomomi ba ta ɗaukar wanda bai ci Turanci ba, ni kuwa sau uku ina zama ina faɗuwa. Na sake yin rajistar jarrabawar Nuwamba. Abdulkabir bai hana ba, amma ya ce wannan ce ta ƙarshe. Ban yi masa musu ba, ni ma na gaji.

Wata malama ta duba rubutuna, ta ce jimlolina guntaye ne kamar na 'yar aji uku, ban iya haɗa biyu su zama ɗaya ba, kuma duk inda aka ce in zaɓi who ko which ko whom, canki-canka nake yi. Kai ka koyar da abin nan shekara talatin da biyar. In ƙarfinka zai iya, ka koya min ta takarda.

'Yarka,
Ramlat

Gidan Buwai, 22 ga Yuni

'Yata Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alherin Allah a gidanku. Takardarki ta same ni a gindin ɗorawa ina gyaran ƙotar fartanya. Ba sai kin kawo min sunan kakanki ba. Yarinyar da ta taka min tabarau ta ce akuya ce, ba a mance ta.

Jikin Roda da sauƙi, tana takawa da sanda har bakin rijiya. Likita ya ce hawan jinin ne abin tsoro, a kiyaye ta daga duk abin da zai tayar mata da hankali. Ni kuwa kunne ya tafi, idon dama yana shirin bin sa. Bana shuka biyu muka yi. Ta fari ta fito, ruwa ya ɗauke kwana goma sha shida, ta ƙone a kan idonmu. Yanzu ta biyun ce ke leƙowa.

To, ga darasi. Abin da ke ba ki wahala, kullum kina yin sa da Hausa ba ki sani ba. In kika ce matar da ta haihu jiya ta tafi gida, magana biyu kika ɗinke: mata ta haihu jiya, mata ta tafi gida. Mu muna ɗinki da wanda, wadda, waɗanda, muna duba namiji ne ko mace ko masu yawa. Bature ba ruwansa da wannan. Tambayarsa ɗaya ce: mutum ne ko ba mutum ba? In mutum ne, who. In dabba ce ko kaya, which. The woman who gave birth. The goat which gave birth. In kuwa mutumin ba shi ya yi abin ba, shi aka yi wa, sai whom: the woman whom you helped, matar da kika taimaka wa. Whose na mallaka ne: the woman whose baby cried, matar da jaririnta ya yi kuka.

Kada ki haddace. Ki rubuto min jimla goma daga abin da idonki ya gani a asibiti. Ba na son yaron nan da ke buga ƙwallo a cikin littattafai. Shekara talatin da biyar ina karanta shi, ƙwallon ba ta taɓa shiga raga ba.

Babanki,
Joel Buwai

Nguru, 11 ga Yuli

Baba,

Barka da damina, da fatan shuka ta kama, jikin Mama kuma yana ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkiri. Motar Kamaruddeen ta lalace, mu kuma zazzaɓi ya cika asibiti, har a baranda ake kwantar da mutane. Ƙaramata ma ta kwanta kwana huɗu, amma ta tashi.

Jimloli goman suna bayan takardar nan. A tsaitsaye na rubuta su, wasu a kan teburin awo, shi ya sa za ka ga ɗigon ruwan magani a gefe. Da na fara sai na ga abin ba dodo ba ne. Yanzu in ina shara, duk wanda ya wuce sai in ɗinka masa who a zuciyata. Ta shida ce ban yarda da ita ba: The nurse whom was on duty did not come. Na goge ta sau uku na sake mayarwa.

Akwai abin da ya ɗaure min kai. A tsofaffin takardun jarrabawa ina ganin wani lokaci a sa waƙafi kafin who, wani lokaci ba a sawa. Na tambayi mutum biyu. Ɗaya ya ce wurin numfashi ne, ɗaya ya ce ado ne. Wane ne mai gaskiya?

Baba, ina labarin Yaya Micah a Jos? Ina kuma labarin Yaya Shago? Abin da na ji na ƙarshe, kun sami saɓani kan gonar fadama da ya so a sayar ya sayi babur, ya yi fushi ya tafi haƙar zinariya. Shekara uku ke nan, ko? Shi ne mai goya ni a keke zuwa makaranta, in ruwa ya ci hanya ya saɓa keken a kafaɗa ya dawo ya ɗauke ni. In kana da lambarsa ka rubuto min.

'Yarka,
Ramlat

Gidan Buwai, 30 ga Yuli

Ramlatu,

Na gaishe ki. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Roda tana nan yadda take. Ni ba na jin daɗin jikina kwanan nan, ba zan tsawaita ba. An ba ni ranar aikin ido a Kano, sha biyu ga watan gobe.

Kin ci bakwai cikin goma. Ta shida who ce, don ma'aikaciyar ita ce ke kan aiki, ba ita aka yi wa wani abu ba. Sauran gyaran yana kan takardarki.

Mutanen nan biyu duk ba su faɗa miki daidai ba. Waƙafi ba ado ba ne, yana canza magana gaba ɗaya. Duba: My goats which are sick are in the room. Babu waƙafi. Ma'ana awakina suna da yawa, na ware marasa lafiya na sa a ɗaki, sauran suna waje. Yanzu duba: My goats, which are sick, are in the room. Waƙafi biyu. Ma'ana babu wasu sauran, duk abin da na mallaka ke nan, rashin lafiyar ƙarin bayani ne kawai. In babu waƙafi, zaɓe kike yi daga cikin masu yawa. In akwai, babu zaɓi, wanda aka ambata shi ke nan. Shi ya sa ba ki cewa my mother who sells groundnuts babu waƙafi, sai in uwa biyu ta haife ki.

Ki faɗa min ma'anar waɗannan da Hausa, ki ce guda nawa ne a kowace.

1. The farmers who planted early lost their seed.
2. My wife, who walks with a stick, went to the well.
3. The trees which stand by the road are not mine.
4. My son, who lives in Jos, sent me medicine.
5. The rain, which came late, has not stopped.

Sauran tambayoyinki sai wani lokaci.

Joel Buwai

Nguru, 8 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a. A gaida Mama.

Ga amsa. Ta ɗaya, manoma suna da yawa, waɗanda suka yi shuka da wuri ne kaɗai suka yi asarar iri. Ta biyu, mata ɗaya gare ka. Ta uku, akwai wasu itatuwan da ba a bakin hanya suke ba. Ta biyar, ruwan ɗaya ne.

Ta huɗu na bari ƙarshe, don kwana biyu ina juya ta. Bisa ga abin da ka koya min, tana nufin ɗa ɗaya gare ka, wanda ke Jos. Baba, 'ya'yanka maza biyu ne. Na so in ce kuskure ne, amma kai ba ka kuskuren waƙafi, kai da ka taɓa mayar da ni in sake rubuta shafi guda saboda ɗigo ɗaya. Na tambaye ka labarin Yaya Shago, ba ka amsa ba, sai ga wannan. Ashe ka cire shi daga cikin 'ya'yanka.

Ni ƙarama ce, ban isa in yi maka faɗa ba, kuma ina cin arzikinka ne. Amma a gidanka na ji ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gona ce fa, Baba. Ko me ya faɗa maka ranar da zai tafi, yaro ne a gabanka. A ɗakin haihuwa nake aiki, ina ganin abin da mace ke sha kafin a ce mata namiji ne. Ka tambayi Mama Roda ko ita ɗa ɗaya gare ta.

In na yi rashin kunya ka yafe min. Ban iya yin shiru ba ne.

'Yarka,
Ramlat

Nguru, 15 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya idon? Yaya Mama? Mako biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Zuwansa na farko karɓo amsa, Kamaruddeen ya tarar da shagon mai magani a rufe. Na biyu ruwa ya cinye hanyarku, bai iya shiga ba. Na kira wayarka, a kashe.

Ban sani ba ko aikin idon ne bai yi kyau ba, ko fushi kake da ni. In fushi ne, na karɓi laifi. Abdulkabir ya ce bakina ya fi ni girma, mutum yana koya min karatu kyauta na juyo ina koya masa riƙon gida. Wataƙila ya yi gaskiya. Amma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu jimlar nan ba ta fita daga raina ba.

Karatun ya tsaya. In na buɗe littafi na ga who sai in rufe. Ungozomarmu ta samu canjin wurin aiki, ba a kawo wata ba, ni kaɗai ce mako uku. Jiya na karɓi haihuwa uku, ta ƙarshen ta zo a juye, muka sa matar a mota zuwa babban asibiti, har yanzu ban san yadda ta ƙare ba. Na zauna a kan benci na rasa ƙarfin cire safar hannu.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san kuna raye.

'Yarka,
Ramlat

Gidan Buwai, 3 ga Oktoba

'Yata Ramlatu,

Muna raye. Idon ya buɗe, ga shi da kaina nake rubutu. An yanke gero, bai yi auki ba. Ba fushi nake da ke ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kin fassara jimlar daidai. Dalilin ne kika kuskure. Ban cire Shago ba. Shago ya rasu.

Ranar biyar ga Yuli ina noma a fadama, wani mutum ya zo ya tsaya a kan kunya yana magana, ba na ji. Da ya ga haka sai ya miƙo min katin zaɓen Shago da hularsa. Ya durƙusa ya rubuta min sauran a ƙasa da tsinke. Rami ne ya rufta da su, su huɗu, a ƙarshen Yuni. An haƙo su bayan kwana biyu, an binne su a can. Na goge rubutun da ƙafata, na sa hular cikin riga, na ƙarasa kunyar da nake kai, don ban san abin da zan yi ba in na tsaya.

Micah kaɗai na sanar. Muka ce a jira jinin Roda ya sauka. Kullum in ce gobe. Ita kuwa kowace safiya tana yi masa addu'a Allah ya dawo da shi, tana ware masa daddawa a cikin gwangwani, ni ina zaune ina cewa amin.

Ranar da nake rubuta miki jimlolin nan, ta huɗu babu waƙafi na fara rubuta ta, yadda na saba tun da aka haifi ɗana na biyu. Na daɗe ina kallonta. Ta zama ƙarya. Sai na ɗiga waƙafi biyun. Ina jin so nake wani ya sani, ko da cikin harshen da ba mai karanta shi a gidan nan. Ban yi tunanin da Hausa za ki amsa ba, alhali ni na ce ki amsa da Hausa. Tsufa ke nan.

Takardarki ta iso kwana biyu bayan aikin ido, fuskata a naɗe. Mai magani ya kawo ta har gida, ya ba Roda. Ta ce bari ta karanta min, ta matso da bakinta kusa da kunnena na hagu. Kin san harshenta, a hankali take tafiya. Ina jin ta kai ta huɗu na miƙa hannu in karɓe, ta janye. Ta karanta har ƙarshe. Sannan ta ce, "Joel, mene ne waƙafi?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Kai ka rubuta ɗa ɗaya gare ka?"

Na ce ni na rubuta.

"Ka cire shi?"

Na ce ban cire shi ba.

"To wa ya cire shi?"

Ba na ganinta, ba na jin numfashinta, hannunta kawai nake ji a kan gwiwata. Can ta ce, "Yaushe?"

Jinin ya hau, ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Allah ya tashe ta. Da muka dawo aka yi zaman makoki, 'yan coci da maƙwabtanmu Musulmi duk sun zo. Ta yi mako biyu ba ta ce min uffan ba. Ba don mutuwar ba, don amin ɗin da na riƙa cewa.

Abin da ke cina shi ne maganar ƙarshe da na yi masa. Na ce in ya fita kada ya dawo. Kin ga ba ki yi nisa da gaskiya ba sosai.

Babanki,
Joel Buwai

Nguru, 12 ga Oktoba

Baba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ku haƙuri, kai da Mama da Yaya Micah. Ban san yadda ake rubuta ta'aziyyar wanda aka yi wa irin abin da na yi muku ba. Kana ɗauke da wannan kai kaɗai, na zo na ɗora maka faɗa. Na kusa kashe Mama da alƙalamina.

Na fasa jarrabawar. Na nemi hutun mako guda, in an ba ni zan biyo motar Kamaruddeen in zo in durƙusa gabanku. Ka karanta wa Mama wannan, in za ta iya jin sunana.

'Yarka,
Ramlat

Gidan Buwai, 27 ga Oktoba

Ramlatu,

Ni ce Roda. Ki yi haƙuri da rubutun, kwana uku na yi ina yin sa, hannun yana gajiya. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Jikina da sauƙi. Ana roron wake.

Na karanta takardarki da kaina. Ba ki kashe ni ba. Tun watan Yuli na san akwai wani abu. Mutumin nan ya daina cin tuwo, ya daina zuwa fadama, ciyawa ta cinye gonar da ya rabu da ɗansa saboda ita. Na ɗauka ciwo aka gano masa yake ɓoye min. Ke ce kika sa aka ba ni ɗana na yi masa kuka. Da ba ki rubuto ba, da har yanzu ina ware daddawa. Kuma ke kaɗai ce a cikin shekara ukun nan kika buɗe baki kika tsaya wa Shago. Ni uwarsa ban iya ba.

Kada ki zo yanzu. Ba na son a durƙusa min, gwiwoyin mutane sun ishe ni a watannin nan. Ki zauna ki yi jarrabawarki. Ni a hannun wata tsohuwa na haifi Shago, a ɗakin nan, na kusa tafiya don ba ta san abin yi ba. In kin fasa saboda mu, kin ƙara mana wani abin da za mu ɗauka, mu kuwa mun gaji. In kin gama ki zo da yaran, ki kwana biyu.

Joel ya koma teburinsa. Ya rubuta miki wasu jimloli ashirin, suna cikin ambulan ɗin nan. Na hana a rufe sai da ya fassara min su ɗaya bayan ɗaya. Na gaya masa daga yau ba takardar Turanci da za ta fita daga gidan nan ban san abin da ke cikinta ba. Bai yi musu ba.

Muna magana yanzu, kaɗan kaɗan. Ranar Lahadi ya ba ni hular. Micah zai zo wata mai zuwa ya kai ni in ga inda aka sa yarona. Joel ya ce hanyar ba ta da kyau, jikina ba zai ɗauka ba. Na matsa kusa da kunnensa na ce ba shawara nake nema ba. Sai ya ce a tambayi Micah ko motar za ta ɗauki mutum uku.

Mamanki,
Roda